Wace taya ce ta fi sauƙin tuƙi a kan burji, siririya ko mai faɗi?

Ɗan'uwa ka ce ka sayi keken girabul (wanda aka yi don hanyar burji da tsakuwa) na hannu, ya zo da taya mai faɗin milimita 38 mai haƙora, kana dura mata iska har psi 60 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar cikin taya), amma a kwalta kana jin keken na jan ƙafa, a burji kuma sai tsalle yake ta yi da kai har hannunka ya mutu, shi ne kake tambaya ko ka koma taya 32 mara zane don ka samu gudu.

Toh gaskiya kar ka sayi siririyar nan tukuna, kuɗinka za ka zubar kuma burjin zai ƙara wahalar da kai. Na daɗe ina haɗa kekuna da sauya musu tayoyi, kuma abin da na fi gani shi ne mutane suna kallon faɗin taya da zanenta saboda su ido ke gani, alhali abubuwa biyun da suka fi cin ƙarfin ƙafa su ne yadda aka saƙa jikin tayar da irin robarta, sai kuma yawan iskar da ka sa mata. Faɗi da zane suna da nasu tasirin, amma a baya suke zuwa.

Bari in fara da inda ƙarfin yake tafiya, don in ka gane wannan sauran duk kai da kanka za ka iya lissafawa. Duk lokacin da taya ta juya, ɓangaren da ya taɓa ƙasa yana lotsawa, in ya bar ƙasa ya koma yadda yake. Roba da zaren da ke cikinta ba sa mayar maka da duk ƙarfin da aka sa wajen lotsa su, wani kaso yana zama zafi, shi ya sa in mota ta yi doguwar tafiya ka taɓa tayarta za ka ji ta yi zau. Wannan asara ce ta farko, kuma ita ce turjiyar taya da ake aunawa a ɗakin gwaji. Taya mai kaurin jiki, mai roba da yawa, mai shimfiɗar kariya a ƙarƙashin zane, ta fi cin wannan ƙarfin. Mai laushin jiki wadda in ka cire ta daga wili za ka iya naɗe ta a hannu kamar ƙyalle, kaɗan take ci.

Asara ta biyu ita ce mutane suka fi mantawa da ita kuma ita ce ke damunka a burji, wato girgiza. In taya ta yi tauri ta ci karo da tsakuwa ba ta lotsawa ta haɗiye tsakuwar, sai dai ta ɗaga keken da kai gaba ɗaya sama, ka dawo ƙasa, ta sake ɗaga ka, sau ɗaruruwa a minti ɗaya. Ƙarfin da ya ɗaga ka daga ƙafarka ya fito, kuma ba ya dawowa ya tura ka gaba, naman jikinka ne ke shanye shi, cinyoyi da damtse da baya. Duk wanda ya taɓa tura baro mai ƙafar ƙarfe a kan tsakuwa sannan ya tura mai tayar iska ya san bambancin ba sai an yi masa lissafi ba. Mutuwar hannun da kake ji, ƙarfinka ne ke ɓacewa a wurin.

Ta uku kuma ita ce ƙasar kanta. A rairayi ko tsakuwa da ba ta daddale ba, taya tana nutsewa tana ture ƙasa gefe, kullum kamar tana hawa ɗan tudu da ita ta haƙa wa kanta. Siririyar taya mai iska da yawa ta fi nutsewa, mai faɗi mai ƙarancin iska tana shimfiɗuwa ta hau sama.

Yanzu lissafi kaɗan don ka ga ba ƙaramin abu muke magana a kai ba. Ƙarfin da turjiya ke ci shi ne lambar turjiyar tayar, sau nauyinka da na keke, sau 9.81 na ƙarfin jan ƙasa, sau gudunka a mita cikin daƙiƙa. Mu ce kai da keke da goran ruwa kilo 90, kana tafiya kilomita 25 a awa, wato kusan mita 6.9 a daƙiƙa. In lambar tayarka 0.005 ce, wat 31 take ci, wat kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da ƙafarka ke fitarwa. In 0.008 ce, wat 49. Wat 18 kenan tsakanin tayoyi biyu da in ka ajiye su gefe da gefe za ka rantse iri ɗaya ne. Mutumin da ba ɗan tsere ba a irin wannan gudun a shimfiɗaɗɗiyar hanya bai fi wat 110 zuwa 130 yake fitarwa ba, kaga kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa taya ce ke cinyewa, kuma a kan hanya mai kyau kenan, a burji mai gargada abin ya fi haka. Wallahi babu wani abu da za ka saya wa keke da kuɗi kaɗan ya ba ka wat 18 in ba taya ba.

Maganar cewa siririya ta fi gudu tsohuwar magana ce, kuma da dalilinta. A da tayoyi masu kyau duk sirara ake yin su don 'yan tseren kwalta, masu faɗi kuma na kai-komon cikin gari ne masu kaurin roba, sai mutane suka ɗauka faɗin ne ke kawo nauyi alhali jikin ne. Sannan taya mai tauri tana sa ka ji ɗan karkarwar nan a hannu da sirdi, ƙwaƙwalwa kuma ta saba haɗa karkarwa da gudu, sai ka ji kamar kana tashi sama bayan agogo bai yarda ba. Jan Heine na mujallar Bicycle Quarterly a Amurka tun wajen 2006 ya fara gwajin tayoyi a kan hanya ta gaske da mutum a kan keke, ya nuna cewa taya mai faɗi mai laushin jiki ba ta gaza siririya gudu ba ko da iskarta ba ta kai ba. Wani mai gwajin tayoyi, Tom Anhalt, shi ya lura cewa in kana ƙara iska turjiya na raguwa har zuwa wani mataki, daga nan sai ta juya ta fara hawa, daga baya Josh Poertner na kamfanin Silca ya gwada abin a kan hanyoyi masu bambancin kaushi ya ga duk yadda hanya ta ƙara muni, wannan matakin na saukowa ƙasa. Abin da ya fi muhimmanci a sakamakon nasu shi ne in ka wuce matakin asarar tana hawa da sauri, in ka gaza shi kuwa a hankali take hawa. Don haka in za ka yi kuskure a iska, gara ka yi shi ta ƙasa.

Dalilin da ya sa mai faɗi ba ta da nauyin da ake zato shi ne siffar wurin da ta taɓa ƙasa. In iska ɗaya ce da nauyi ɗaya, girman wurin kusan ɗaya ne, amma na siririya dogo ne siriri, na mai faɗi gajere ne mai faɗi, kuma gajeren ba ya buƙatar jikin taya ya lanƙwashe sosai. Sai dai ba wanda ke sa wa taya 45 iskar taya 28, za ka rage, in ka rage sai turjiyar su zo kusan ɗaya a kwalta mai santsi, amma da ka sauka burji mai faɗin ta wuce, saboda tana da sararin lotsawa ba tare da wili ya bugi dutse ba.

Ka duba abin da ya faru a manyan tsere ma. A Paris-Roubaix da ake yi kan duwatsun arewacin Faransa, lokacin da Fabian Cancellara ya ci a 2010 taya 27 ce a kekensa kuma a lokacin ana ganin ta da faɗi, yanzu 32 ta zama ruwan dare a wurin. A Unbound Gravel da ake yi a Emporia ta jihar Kansas, mil 200 wato sama da kilomita 320 a kan tsakuwa mai kaifi, a da 38 zuwa 40 ake gani, yanzu 45 zuwa 50 sun cika wurin, wasu 'yan tsere irin su Dylan Johnson ma tayar keken dutse suke sawa, Continental Race King mai inci 2.2, wato kusan milimita 55. Ba don jin daɗin zama suke yi ba, don ta fi sauri a irin wannan ƙasar ne. Amma kuma a gasar duniya ta girabul ta farko a 2022 a yankin Veneto na Italiya, hanyar ba ta da muni sosai, Gianni Vermeersch da keken kwalta ya ci. Kaga ƙasar da za ka taka ita ce ke yanke hukunci.

Akwai wani shafi da ake kira Bicycle Rolling Resistance, wani mutumin Holan ne Jarno Bierman ke gudanar da shi, yana ɗora taya a kan gangar ƙarfe mai faɗin santimita 77, da nauyin kilo 42.5, a gudun kilomita 29 a awa, ya auna wat nawa take ci. Yana da amfani ƙwarai wajen kwatanta jikin taya da robarta, kafin ka sayi kowace taya ka duba ko ya gwada ta. Amma ka riƙe abu ɗaya, gangar ba ta da jikin mutum a kai da zai shanye girgiza, shi ya sa a wurinsa kullum ƙarin iska ke rage turjiya. Ka ɗauki jerin wace taya ta fi wace daga wurinsa, kar ka ɗauki yawan iskar da za ka sa.

Wani abin mamaki da gwajin nasa ya fito da shi shi ne tayoyin keken dutse irin Race King da Schwalbe Thunder Burt, da haƙoransu da faɗinsu, sun fi tayoyin girabul da yawa masu ƙaramin zane sauƙin juyawa. Wannan ya kawo mu maganar zane. Haƙora suna cin ƙarfi a kwalta, gaskiya ne, musamman dogaye masu tazara da ke lanƙwashewa duk juyi, su ne ke wannan gurnanin da kake ji. Amma gajerun haƙora da aka jera kusa da juna a tsakiya, a kan jiki mai laushi da roba mai kyau, asararsu kaɗan ce. Taya mara zane kwata-kwata mai jiki kamar fatar kiri za ta fi su nauyin tuƙi. A burjin jar ƙasa da ya daddale lokacin rani ba ka ma buƙatar haƙora a tsakiya, iri mai sulɓi ko ƙaramin zane a tsakiya da haƙora a gefe don kwana ta wadatar, irin su Specialized Pathfinder Pro, Schwalbe G-One RS, Panaracer GravelKing SS, ko masu ƙananan haƙora irin Continental Terra Speed da Tufo Thundero. Laka ce kaɗai ke neman dogayen haƙora da gaske.

Lambar TPI da ake rubutawa a kwali, wato yawan zare a inci ɗaya na jikin taya, 60 ko 120 ko 320 a masu auduga, tana ɗan nuna laushi domin siraran zare ba sa ɗaukar roba da yawa a tsakaninsu. Amma kar ka dogara da ita ita kaɗai, wasu kamfanoni suna haɗa lissafin shimfiɗa uku su rubuta babbar lamba, kuma taya mai 120 da aka lulluɓe da kariya daga baki zuwa baki tana iya fin mai 60 tauri. Hannunka ya fi lambar gaskiya, matsa gefen tayar tsakanin yatsu ka ji.

Toh sai dai a nan ne namu ya bambanta da na wanda ke tuƙi a Turai, ƙaya. Tsidau a gefen hanya, ƙayar bagaruwa da ta aduwa in ka shiga hanyar gona, taya mai siririn jiki da tub a ciki ba za ta kai ka ko'ina ba, kuma faci ɗaya a rana tsaka ya cinye duk mintunan da wat 18 ɗin suka tara maka. Mutane da yawa saboda haka suke komawa irin Schwalbe Marathon Plus mai shimfiɗar kariya ta milimita 5, ba ta faci gaskiya, don zuwa aiki da kasuwa ba ni da abin cewa a kanta, amma a keken girabul ta kashe masa rai, ga nauyi ga tauri. Hanyar da ta fi ita ce tubles, a cire tub gaba ɗaya a zuba ruwan like a cikin tayar, ƙaya ta shiga ruwan ya toshe ramin kana cikin tafiya ba ka ma sani ba. Riba biyu ce, ka rabu da gogayyar tub da jikin taya wadda ita ma tana cin wat kaɗan a kowace ƙafa, sannan za ka iya rage iska ba tare da tsoron wili ya cije tub a kan dutse ba. Sharaɗin shi ne wilinka da tayar duk su kasance an yi su don tubles, a naɗe wilin da tef ɗinsa, a sa bawul ɗinsa. Kuma zafinmu yana busar da ruwan da wuri, a bazara ka riƙa dubawa duk wata, in ka girgiza ƙafar keken ba ka ji motsin ruwa ba ka ƙara. Ka riƙa yawo da tub ɗaya a jaka duk da haka, don yanka babba a gefe ruwa ba ya toshe shi.

In wilinka ba na tubles ba ne, tub na lateks ko na TPU sun fi baƙin tub na butil sauƙin juyawa, amma lateks yana sace iska cikin dare sai ka yi famfo duk fita, kuma duka biyun ba su hana ƙaya. A irin wannan halin ni na fi son taya mai matsakaiciyar kariya a ƙarƙashin zane kawai, gefenta a bar shi da laushi.

Yanzu abin da za ka yi gobe da safe ba tare da ka kashe ko kwabo a taya ba. Psi 60 a taya 38 ya yi yawa sosai ga burji. In kai da keke kuna wajen kilo 85 zuwa 90, fara da 40 a baya, 37 a gaba, in da tub ne ka ɗan ƙara biyu ko uku saboda cizo. Baya ta fi ɗaukar nauyi shi ya sa take son iska fiye da gaba, kuma shi ya sa in kuɗin taya ɗaya mai kyau kake da shi, turjiya ta fi shafar ta baya, riƙon ƙasa ya fi shafar ta gaba. Daga nan ka riƙa ragewa psi biyu-biyu. In ka fara jin wili na buga dutse, ko tayar tana lanƙwashewa a kwana kamar za ta zame daga wili, ka wuce, koma sama kaɗan. In ka koma taya 45, wajen 30 zuwa 33 za ka fara, taya 50 zuwa sama kuma ƙasa da psi 28. Waɗannan wurin farawa ne, nauyinka da hanyarka su za su gyara su.

Don Allah ka sayi geji naka na auna iskar taya. Injin mai faci na bakin titi don mota da babur aka yi shi, da yatsa ake gwadawa a ce ta yi, kuma yatsa ba ya bambance 35 da 50. Sannan iska na ƙaruwa da zafi, in ka sa psi 35 da sanyin asuba ma'aunin zafi na digiri 20, zafin tayar ya kai digiri 45 a kan hanya da azahar, iskar za ta koma kusan psi 39, psi huɗu kenan da ba kai ka sa ba. In wilinka irin mara ƙugiya ne a baki, kar ka taɓa wuce psi 72.5, kuma ka duba abin da aka rubuta a jikin wilin da tayar, wanda ya fi ƙanƙanta shi za ka bi.

In tayar nan ta cinye ka zo saye, ka ɗauki mafi faɗin da firam ɗinka zai ɗauka, amma ka bar sarari aƙalla milimita 5 zuwa 6 kowane gefe. Ka auna da kanka bayan ka hura, domin abin da aka rubuta ba kullum yake zama daidai ba, taya 40 a kan wili mai faɗin ciki 25 tana iya fitowa 42 ko fiye. Sararin nan da damina za ka san amfaninsa, jar laka tana manne wa taya ta toshe tsakaninta da firam har ƙafar ta daina juyawa, ta kuma kankare fenti, a Unbound ta 2023 haka laka ta sa mutane da yawa suka sauka suka ɗauki kekunansu a kafaɗa tun farkon tseren. Maganar nauyi kar ta dame ka, in mai faɗin ta fi da giram 200 kowace ƙafa, giram 400 kenan cikin kilo 90, bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, ko a hawan tudu bai kai wat ɗaya ba ga mai fitar da wat 200. Turjiyar iskar gaba kuma sai kana wuce kilomita 30 da wani abu a awa a kai a kai sannan faɗin taya zai fara zama abin lissafi. In kashi 80 na tafiyarka kwalta ce mai kyau, 35 zuwa 38 mai sulɓin tsakiya ta ishe ka, in rabi da rabi ne 40 zuwa 45, in akwai rairayi da gargada da yawa ka je iyakar abin da keken zai ɗauka.

Tayar gwanjo kuma a yi hattara, ko da zanenta bai ci ba, in ta daɗe a ajiye a rana robar ta bushe ta yi tauri, za ka ga ƙananan tsaga a gefe, irin wannan ba riƙo ba sauƙin juyawa, kuma ba ta riƙe ruwan like da kyau.

In kana son ka tabbatar da duk wannan da idonka, nemi gangare mai sauƙi a kan irin burjin da ka saba bi, ka sa alama a sama, ka saki keken daga tsaye ba feda ba burki, zama iri ɗaya hannu a wuri ɗaya, ka ga inda zai tsaya da kansa ko ka ɗauki lokaci tsakanin alama biyu da wayarka. Yi da psi 60, yi da 40, ka sake komawa 60, ka sake 40, sau uku ko huɗu kowanne kana sauyawa, kuma da sassafe kafin iska ta taso, don in hunturu na kaɗawa ko kaɗan ne sai ya ɓata maka sakamakon gaba ɗaya.